Ɗan Wasa Ya Sha Dakatarwa, Ƙungiya Ta Riƙe Maki: Nazari Kan Adalcin Hukuncin Ƙwayoyin Ƙara Kuzari a Wasannin Ƙungiya

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake hukunta shan haramtattun ƙwayoyin ƙara kuzari a wasannin ƙwararru da ake bugawa ƙungiya da ƙungiya. Hujjarta ita ce, dokar da ake aiki da ita a yau an tsara ta ne domin ɗan tsere da ɗan ninƙaya, waɗanda jikinsu da nasararsu duk na mutum ɗaya ne. Da aka kawo ta fagen ƙwallo sai hukunci ya rabu da riba: ɗan wasa ke ɗaukar nauyin laifi, ƙungiya kuwa ta wuce da maki da kuɗin gasa. Takardar ta bi shari'o'i daga ƙwallon ƙafa da ƙwallon Ostareliya da gasannin Amurka, ta kuma kawo shawarar a ɗora alhaki gwargwadon iko da amfanin da kowane ɓangare ya samu.

Gabatarwa



Ranar 25 ga Yuni 1994, a filin wasa na Foxboro kusa da birnin Boston, Najeriya ta kara da Ajantina a gasar cin kofin duniya. Samson Siasia ne ya fara zura ƙwallo, Claudio Caniggia ya farke ya kuma ƙara, kuma ta biyun daga bugun tazara ta fito, wanda Diego Maradona ya yi sauri ya tura masa. Aka tashi 2-1. Bayan wasa aka gwada fitsarin Maradona, aka sami sinadarin efedirin da danginsa, aka sallame shi daga gasar, daga baya FIFA ta dakatar da shi wata 15. Maki 3 kuwa suka zauna daram a hannun Ajantina. Najeriya ce ta zo ta ɗaya a rukunin duk da haka, wataƙila shi ya sa ba mu cika tsayawa mu yi tambayar ba: in an tabbatar mutumin da ya shirya ƙwallon nasara bai cancanci shiga fili a halin da ya shiga ba, da wane dalili nasarar ta halatta?

A wancan lokaci babu dokar bai-ɗaya ta duniya. Yanzu akwai. Amma da za a sake wannan wasa gobe a ƙarƙashinta, sakamakon ba zai canja ba.

Abin da doka ta tanada

An kafa hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a 1999, bayan badaƙalar ƙungiyar Festina a tseren kekuna na Faransa na 1998. Kundin dokokinta ya fara aiki a 2004, aka sabunta shi a 2009 da 2015 da 2021. Ginshiƙinsa ƙa'ida ɗaya ce: duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa, shi ke da alhakinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Ba sai hukuma ta tabbatar da niyya ba kafin a ce an karya doka. Niyya da sakaci suna shigowa ne a wajen auna tsawon hukunci. Tun 2015, wanda ya sha da gangan shekara 4 ke hawansa, wanda bai yi da gangan ba shekara 2, ana kuma iya ragewa in ya nuna sakacinsa ba mai yawa ba ne, ko a yafe gaba ɗaya in ya nuna babu sakaci ko kaɗan.

Ba na jayayya da wannan ƙa'ida. Da an ce sai an tabbatar da abin da ke cikin zuciya, da babu wanda za a taɓa kamawa.

Inda nake da magana shi ne sashe na 11 na kundin, wanda ya shafi ƙungiya. Ya ce in an sami fiye da mutum ɗaya a ƙungiya da zargi yayin wata gasa, a tsananta gwaji a kanta. In kuwa an tabbatar da laifi a kan fiye da mutum 2, to masu gasar su hukunta ƙungiyar, ko da rage maki ko da kora. Wato sai an kama mutum 3. A cikin 'yan wasa 11, ana iya samun mai tsaron raga da mai cin ƙwallo duk sun sha, doka ba ta tilasta a taɓa sakamako ba. Sannan a yawancin wasanni mutum ƙalilan ake ɗauka gwaji daga kowane ɓangare, don haka kama mutum 3 a gasa ɗaya abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Fitaccen misalinsa shi ne na matan Koriya ta Arewa a gasar cin kofin duniya ta 2011 a Jamus, inda aka sami 'yan wasa 5 da sinadaran gina tsoka. Jami'ansu suka ce maganin gargajiya ne aka ba su bayan tsawa ta faɗa musu a wajen atisaye. FIFA ta hana ƙasar shiga gasar 2015, ta ci ta tarar dala 400,000, ta dakatar da likitar tawagar shekara 6. Wannan shi ne togaciya. Abin da aka saba gani shi ne na ɗan wasan Rasha Yegor Titov: an same shi da buromantan bayan wasan farko na cike gurbin gasar Turai ta 2004 tsakanin Rasha da Wales a Mosko, ya buga wasa na biyu a Cardiff inda Rasha ta ci 1-0, Wales ta kai ƙara har kotun sauraron ƙararrakin wasanni, CAS, ba ta yi nasara ba. Haka a Satumba 2015 Dinamo Zagreb ta doke Arsenal 2-1, aka sami ɗan wasan Dinamo Arijan Ademi da sitanozolol, aka dakatar da shi, maki suka tsaya, kocin Arsenal Arsène Wenger ya yi ta ƙorafi a banza.

Katin gargaɗi ya fi ƙwaya nauyi

Masu kare wannan tsari sukan ce ba adalci ba ne a hukunta mutum 10 saboda laifin mutum ɗaya, kuma babu mai iya tabbatar da cewa ƙwayar ce ta ci wasan. Magana ce mai nauyi, amma ƙwallon ƙafa da kanta ba ta yarda da ita ba. A Nuwamba 2017 Najeriya ta tashi 1-1 da Aljeriya a wasan neman gurbin kofin duniya. Shehu Abdullahi ya buga, alhali yana da katin gargaɗi 2 da suka wajabta masa hutun wasa ɗaya. FIFA ba ta tambayi ko Shehu ne ya hana Aljeriya cin wasa ba, ba ta kuma tausaya wa sauran 'yan wasan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ta ba Aljeriya wasan da ci 3-0. Wanda ya yi kuskuren lissafin kati ya jawo wa ƙasa asarar wasa, wanda ya shiga fili da sinadarin gina tsoka a jininsa bai jawo komai ba.

A fagen guje-guje ma, mutum ɗaya ya isa ya kayar da tawagar tseren miƙa sanda. Usain Bolt ya mayar da zinaren da Jamaika ta ci a Beijing a 2008 saboda abin da aka samu a jikin Nesta Carter, ba nasa ba. Zinaren tseren mita 400 sau 4 na Sydney a 2000 ya koma hannun Najeriya ne bayan Antonio Pettigrew na Amurka ya amsa laifi a 2008. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya da shi, bayan Sunday Bada, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi gudun, ya rasu a Disamba 2011. In kashi ɗaya cikin 4 ya isa soke nasara, 2 cikin 11 kuma bai isa ba, to iyakar da aka shata ba daga wata ƙa'ida ta adalci ta fito ba. Daga abin da masu gasa za su iya jurewa ta fito.

Darasin Essendon

Shari'ar da ta fi kowace fito da matsalar fili ta faru ne a ƙwallon Ostareliya, wasan da ba mu cika kallo ba a nan, don haka zan ɗan tsaya a kanta.

A kakar 2012 ƙungiyar Essendon ta birnin Melbourne ta gudanar da wani shiri na yi wa 'yan wasanta allurai, ƙarƙashin wani masanin kimiyyar wasanni, Stephen Dank, wanda ƙungiyar ce ta ɗauke shi aiki. An ba 'yan wasan takardun amincewa suka sa hannu, an kuma gaya musu abin da ake ba su bai saɓa wa dokar WADA ba. Ƙungiyar ba ta ajiye cikakken bayanin wa aka yi wa me ba. A Fabrairu 2013 ta kai kanta gaban hukuma. A Agusta na shekarar hukumar gasar, AFL, ta ci ta tarar dalar Ostareliya miliyan 2, ta hana ta shiga wasannin ƙarshe na kakar, ta ƙwace mata wasu gurabe na zaɓen sababbin 'yan wasa, ta dakatar da koci James Hird wata 12. A lura, wannan hukunci na rashin kyakkyawan shugabanci ne da zubar da mutuncin wasa, ba na ƙwaya ba.

Sai aka juyo kan 'yan wasa, mutum 34. Babu ko ɗaya da gwaji ya kama. A Maris 2015 kotun AFL ta wanke su, ta ce hujja ba ta gamsar ba. WADA ta ɗaukaka ƙara, a Janairu 2016 CAS ta haɗa hujjojin da ke kewaye da lamarin ta yanke cewa an yi musu allurar timosin beta-4, ta dakatar da su shekara 2 da aka soma ƙirgawa daga baya, abin da ya cinye wa mafi yawansu kakar 2016 ɗungurungum. Kotun ta ɗora musu sakaci domin ba su bincika ba, kuma ba su ambaci alluran a takardun gwaji ba. Kyaftin Jobe Watson ya mayar da lambar Brownlow ta gwarzon gasa da ya ci a 2012. A wannan watan na Janairu wata kotu a jihar Victoria ta ci ƙungiyar tarar dala 200,000 ta Ostareliya saboda gaza samar wa ma'aikatanta amintaccen wurin aiki. Ku dubi wannan da kyau: dokar ƙwadago ta ɗauki mutanen nan a matsayin ma'aikatan da aka jefa cikin haɗari, dokar wasanni ta ɗauke su a matsayin masu laifi, a wata ɗaya, a kan allura ɗaya.

Ban ce ba su da laifi ko kaɗan ba. Baligi da za a soka masa allura sau da yawa ya kamata ya tambaya. Amma a tuna wane ne ɗan wasan ƙungiya. Ma'aikaci ne, kwantiraginsa na hannun waɗanda ke miƙo masa maganin, kuma tun yana yaro ake koya masa cewa bin umarnin koci da likita shi ne ladabin wasa. Ɗan tsere shi ke zaɓen mai horar da shi, shi ke sallamarsa. Matashi ɗan shekara 19 da ke neman gurbi ba ya sallamar kowa. Dokar da ta auna su biyun da mudu ɗaya ta rufe ido ga wannan bambanci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne na ƙungiyar rugby ta Cronulla, wadda ita ma Dank ya yi wa aiki a 2011. 'Yan wasanta sun karɓi tayin sasanci a Agusta 2014, aka ƙirga musu dakatarwar daga baya, wasa 3 kacal suka rasa. A 2016, shekarar da Essendon ta ƙare a ƙasan teburi, Cronulla ta ɗauki kofin gasarta. Mutum ɗaya ne ya ratsa ƙungiyoyin biyu, amma wanda ya amsa da wuri ya rasa makonni, wanda ya tsaya kare kansa ya rasa shekara.

Italiya ta ga irin wannan ta wata fuskar. Bayan koci Zdenek Zeman ya fito a 1998 ya ce ƙwallon ƙasar ta nutse cikin magunguna, mai gabatar da ƙara Raffaele Guariniello ya binciki Juventus. An yanke wa likitan ƙungiyar, Riccardo Agricola, ɗaurin wata 22 a 2004, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2005, a 2007 kotun ƙoli ta ce wa'adin shari'ar ya wuce. Kofunan shekarun da ake magana a kai ba a taɓa su ba.

Tsawon hukunci da ƙarfin aljihu

Ko a kan ɗan wasa shi kaɗai, ma'aunin bai daidaita ba. Manyan gasannin Amurka ba sa ƙarƙashin kundin WADA. Hukuncinsu yarjejeniya ce tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, kuma da wasanni ake ƙirga shi. A besbol, tun 2014, laifin farko wasa 80 ne cikin 162 na kaka, na biyu kaka guda, na uku kora har abada. A ƙwallon kwando ta NBA wasa 25 ne. Ɗan wasan besbol Jhonny Peralta ya yi dakatarwar wasa 50 a 2013, kafin shekarar ta fita ya sa hannu a kwantiragin shekara 4 na kimanin dala miliyan 53. Julian Edelman ya rasa wasa 4 a farkon kakar 2018 ta gasar ƙwallon Amurka, NFL, a ƙarshenta shi aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe. Wannan ya yi sauƙi har ya zama kuɗin shiga, kuma ba na ba da shawarar a kwaikwaye shi. Abin koyi ɗaya da ke cikinsa shi ne 'yan wasa sun zauna a teburin da aka yanke dokar.

A ɗaya gefen, shekara 4 ga ɗan ƙwallo mai shekara 30 ritaya ce. Ita aka yanke wa Paul Pogba na Juventus a Fabrairu 2024, bayan gwajin da aka yi masa a wasan Juventus da Udinese na Agusta 2023, wasan da ko fili bai shiga ba. CAS ta rage zuwa wata 18 a Oktoba 2024. André Onana na Kamaru ya sha ƙwayar matarsa mai ɗauke da furosemaid bisa kuskure, UEFA ta yarda ba da niyyar maguɗi ba ne, duk da haka ta ba shi wata 12 a Fabrairu 2021, CAS ta mayar wata 9. Waɗannan ragi ba kyauta ake samunsu ba. Sai da lauyoyi, da masana, wani lokaci da kai kwalbar magani ɗakin bincike a tantance abin da ke ciki. Wanda ba shi da wannan hali, abin da aka fara yankewa shi ke zama a kansa.

Hukuma ma takan yi kuskure. An dakatar da Mamadou Sakho na Liverpool na wucin gadi a 2016 saboda haijenamin, ya rasa wasan ƙarshe na kofin Europa da Sevilla, bai shiga tawagar Faransa a gasar Turai da aka yi a gidansu ba. A Yuli UEFA ta kori ƙarar, domin ko jerin haramtattun abubuwa na lokacin bai ambaci sinadarin da suna ba. A Nuwamba 2020 WADA ta ba shi haƙuri a babbar kotun Landan, ta amince ta biya shi diyya kan kalaman da ta yi a kansa. Sannan a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2011 a Meziko, samfuri 109 cikin 208 sun nuna kilenbutarol daga gurɓataccen nama, ba a hukunta kowa ba, kuma daidai ne. Duk wanda zai nemi a taɓa makin ƙungiya, dole ya sa waɗannan biyun a gabansa.

Inda ya kamata alhaki ya sauka

Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar cewa wanda ke cin ribar abu shi ke ɗaukar asararsa. Ita nake so a shigar cikin sashe na 11, a daina ƙirga kawuna.

In an tabbatar ma'aikacin ƙungiya ne ya ba da maganin, ko ya kai ɗan wasa inda aka ba shi, to laifin na ƙungiya ne ko da mutum ɗaya aka kama: a rage mata maki a kakar da abin ya faru ko wadda ke biye, a kuma sassauta wa ɗan wasan fiye da yadda CAS ta yi wa na Essendon. Rashin ajiye bayanin magunguna shi kansa ya zama laifi mai cin maki, domin a yau ƙungiyar da ta ɓatar da takardunta ta fi wadda ta adana su tsira.

In ɗan wasa ne ya sha da gangan a ɓoye, ya kuma buga wasan, a ɗauke shi tamkar wanda bai cancanci bugawa ba, a ba abokan karawa wasan. Za a ce ƙungiya na iya ƙirga kati amma ba ta iya sanin abin da mutum ya haɗiya a ɗakinsa. Gaskiya ne, sai dai ɗan wasan ma ba koyaushe yake sanin abin da ke cikin kwalba ba, ba a kuma karɓa masa wannan uzuri. A gasar sili-ɗaya-ƙwale, inda sakamakon gwaji kan fito bayan an wuce zagaye, ba za a iya mayar da hannun agogo baya ba, amma ana iya karɓe kuɗin zagayen a miƙa wa waɗanda aka fitar. In kuwa gurɓatar abinci ce ko kuskure irin na Onana, kada a taɓa sakamako.

Haɗarin wannan shawara a bayyane yake: ƙungiyar da ta san makinta na cikin haɗari za ta fi son rufa asiri. Maganinsa shi ne gwaji ya kasance a hannun hukuma mai zaman kanta, kuma ƙungiyar da ta kai rahoton kanta kafin a gano ta a rage mata hukunci ragi mai tsoka, wanda kowa ya san adadinsa tun kafin a shiga matsala.

Wannan duka ya shafe mu kai tsaye. Daga 1 ga Janairu 2024 tiramadol ya shiga jerin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa, kuma kowa ya san yadda ƙwayar ta yaɗu a garuruwanmu. Ɗan wasan gasar cikin gida da gwiwarsa ke ciwo, ga wasa ranar Lahadi, ga tsoron rasa gurbi, yana iya tsayawa a kemis ya saya. Ranar da ƙungiyarsa ta fita gasar Afirka aka kira shi gwaji, dokar da ta hau Pogba ita za ta hau shi, ba tare da lauyoyin Pogba ba. Don haka a sharuɗɗan ba ƙungiya lasisin shiga gasar ƙwararru ya kamata a sa likita mai rajista, da littafin magunguna da hukuma za ta iya dubawa kowane lokaci, da bitar jerin haramtattun abubuwa a farkon kowace kaka cikin harshen da 'yan wasa ke ji. Ƙungiyar da ba ta cika waɗannan ba, in aka kama ɗan wasanta, ita za ta biya kuɗin kare shi, ta kuma ci gaba da biyan albashinsa har ya gama wa'adin dakatarwa.